Tarihin Iskar Duniya: Tambayoyi da Amsoshi daga Birnin Kebbi

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan Birnin Kebbi. Mafi yawan tambayoyin nan ɗalibai ne suka yi mini su, wasu kuma daga abokan majalisa da iyayen yara suka fito. Shekarun da za a gani ƙididdigar masana duwatsu ce, kuma duk inda aka ce biliyan, miliyan dubu ake nufi.

Malam, wace iskar ake magana, ta hadari ko ta hunturu?

Duka biyun motsin abu ɗaya ne. Ana maganar tarin iskar da ta lulluɓe duniya, wadda ƙarfin jan da duniya take da shi yake riƙe da ita don kada ta watse. In aka cire tururin ruwa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kusan kashi 1 kuma wata iska ce mai suna agon, wadda ba ta haɗuwa da komai. Kabon dayoksaid da ake ta hayaniya a kanta kaɗan ce ƙwarai: a yanzu ta ɗan haura 420 cikin miliyan.

Ba ta da kauri yadda ido yake nuna mana. Rabin nauyinta duk yana ƙasa da tsayin kilomita 6. Da duniya albasar Aliero ce mai cika hannu, iskar da ta isa a kira ta iska ba za ta wuce busasshen ɓawon nan na waje ba.

Ana cewa hawa-hawa ce. Da me aka raba ta?

Da zafi da sanyi. Hawa na farko, toroposfiya, shi ne namu. Kana yin sama sanyi yana ƙaruwa, kusan digiri 6.5 a kowace kilomita. A saman Kebbi wannan hawan yana kaiwa kilomita 16 zuwa 17, wato da za a miƙe hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo tsaye, da ta kusa taɓa rufinsa. A ƙarshen duniya na kudu da na arewa bai fi kilomita 8 ba. Girgije da ruwan sama da hazo duk a nan suke, jirgin alhazai ma a cikinsa yake bi ta kanmu.

Ana iya ganin rufin nan da ido. A watan Yuni ko Yuli, da la'asar, ka dubi hadarin da ke haɗowa daga gabas. Yana tasowa curi a kan curi, fari fat a sama, baƙi a gindi, sai can ka ga kansa ya daina hawa ya baje gefe, ya shimfiɗe sumul kamar an yanke shi. Wurin da ya baje ɗin nan shi ne iyakar hawa na farko. Sanyi a can yana kaiwa digiri 75 zuwa 80 ƙasa da sifili.

Abin da ya tsayar da shi hawa na biyu ne, sitiratosfiya, inda al'amarin yake juyewa: kana hawa ɗumi yana ƙaruwa, har kusan kilomita 50, kwatankwacin nisan Argungu daga nan. Iska mai ɗumi in ta zauna a kan mai sanyi ba ta bari a ratsa ta. Wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, shi ya bayyana wannan hawan a 1902 bayan ya yi ta sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi. Hawa na uku, mesosfiya, yana kaiwa kilomita 85, nan ne ya fi ko'ina sanyi, kuma nan ne tsakuwoyin da ke faɗowa daga sarari suke ƙonewa mu ce tauraro ya faɗi. Sai tamosfiya, inda tashar 'yan sama-jannati take shawagi a tsayin kusan kilomita 400. Daga mesosfiya zuwa sama, hasken rana yana cajin ƙwayoyin iska, su kuma suna maido da saƙon rediyo ƙasa. Duk dattijon da ya taɓa kama BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango, da wannan yankin ya yi aiki.

Su ne sammai bakwai da aka ambata a Alƙur'ani?

Na sha ganin ana yaɗa haka a Facebook, ni kuwa ban yarda a haɗa su ba. Hawa-hawan nan rabo ne da mutane suka yi bisa ma'aunin zafi. Wani littafin zai ce huɗu, wani biyar, wanda yake son ya cika bakwai sai ya ƙirga wasu sau biyu. Kuma a Suratus Saffat an ce an ƙawata saman duniya da taurari, alhali tauraron da ya fi kusa da mu yana nesa da iskar nan nisan da ba ya ko kwatantuwa. Fassarar aya ta malaman tafsiri ce. Abin da nake koyarwa awon iska ne.

Tun da aka yi duniya haka iskar take?

Ko kusa. Shekarun duniya kusan biliyan 4.5 ne, kuma kusan rabin wannan zamanin ba oksijin ɗin da mutum zai shaƙa.

Iskar farko haidirojin da hiliyom ce, ragowar abin da rana ta samu daga gare shi. Ba su da nauyi, duniya kuma tana narke da zafi, sai suka tsere. Ta biyu daga cikin ƙasa ta fito, ta bakin duwatsu masu aman wuta: tururin ruwa, kabon dayoksaid mai yawa, naitirojin, da iskar ƙibiritu. Da ƙasa ta huce, tururin ya sauko ya zama teku. Wasu 'yan ƙwayoyin ma'adini da aka tsinto a Jack Hills ta yammacin Ostiraliya, masu shekara biliyan 4.4, suna ɗauke da alamar cewa tun lokacin akwai ruwa kwance a doron ƙasa.

Naitirojin ya taru ne saboda ba ya saurin haɗuwa da dutse ko ruwa. Agon kuwa a hankali yake tsatsowa daga sinadarin fotasiyom da ke cikin duwatsu, har yau bai daina ba.

To wa ya je can ya gani? Ta yaya aka sani?

Tambayar da ta fi kowace kyau ke nan, kuma amsarta tsatsa ce. Ajiye fartanya a waje damina ɗaya, za ka same ta ja. Oksijin ne ya ci ƙarfen. Jar ƙasar da ake zuba wa hanya, da marmarar da ta rufe kan tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da ake gani a ƙasar Gwandu, duk tsatsa ce. Saboda haka mai binciken dutse yana iya tambayar kowane tsohon dutse: lokacin da aka yi ka, ƙarfe yana tsatsa ko ba ya yi?

Akwai wani ma'adini mai ƙyalli ruwan ɗorawa, haɗin ƙarfe da ƙibiritu, wanda yake yaudarar sabon shiga a haƙar zinariya. In ya fito sarari yau, ruwa da iska suna cinye shi. Amma a mahaƙar zinariya ta Witwatersrand a Afirka ta Kudu, a cikin tsakuwar tsoffin koguna masu kusan shekara biliyan 3, ana samun ƙwayoyinsa mulmulallu, alamar kogi ya daɗe yana gangara da su a fili ba su lalace ba. Kogin Rima ba zai iya yin haka yau ba.

Hujja ta biyu tama ce mai zane-zane, layin ƙarfe layin farin dutse. Ƙarfe yana narkewa a ruwan da ba oksijin, yana haɗuwa da oksijin kuma sai ya zama tsatsa ya kwanta a ƙasa. Manyan tuddan irin wannan tamar, kamar na Hamersley a Ostiraliya, sun kwanta ne kusan shekara biliyan 2.5 da suka wuce, kuma daga irinsu ake samun mafi yawan ƙarfen duniya. Maƙwabtanmu na Zamfara ma suna da tama mai zane-zane a duwatsun Maru.

Hujja ta uku ta fi daidaita lokaci. A shekarar 2000 James Farquhar da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙibiritun da ke cikin tsoffin duwatsu yana da wata alama da ba ta samuwa sai hasken rana mai ƙuna ya ratso iska ba abin da ya tare shi. Alamar tana nan a duwatsun da suka girmi biliyan 2.4, daga baya ta ɓace.

Har nauyin iskar dā an gwada aunawa. Ka san 'yan ramukan da ɗigon ruwan farko yake bari a kan laka a fadama? An sami irinsu sun zama dutse a Afirka ta Kudu, shekararsu biliyan 2.7. Faɗin ramin yana nuna saurin ɗigon, saurin kuma ya dogara da kaurin iskar da ya ratso. Na zamanin kusa kuwa ba sai an yi hasashe ba: ƙanƙarar Antatika tana da kumfa a ciki, iskar ranar da ƙanƙarar ta daskare, kuma an haƙo wadda ta kai shekara 800,000.

Daga ina oksijin ya fito ke nan? Daga itatuwa?

Itatuwa baƙi ne a wannan harka, jiya-jiya suka zo. Aikin wasu ƙananan halittun ruwa ne, dangin bakteriya, irin waɗanda suke cikin gansakukar da ke rufe tafki da rani. Su suka fara haɗa abincinsu da hasken rana da ruwa da kabon dayoksaid, suna zubar da oksijin a matsayin shara.

Da farko sharar ba ta taru ba. Ƙarfen teku da iskar duwatsu masu aman wuta suna lashe ta tana fitowa. Sai da abin da ake fitarwa ya rinjayi abin da ake lashewa, tsakanin shekara biliyan 2.4 da 2.3 da suka wuce, sannan oksijin ya zauna a iska. Ga halittun wancan zamani guba ne. Jikokinsu suna nan sun ɓuya inda ba ya kaiwa: cikin baƙar lakar fadama mai wari, da tumbin saniya.

Akwai wani abu da ɗalibai suke yawan tsallakewa. Ganye in ya ruɓe ko ya ƙone, yana cinye daidai oksijin da ya bayar yana raye. Ribar ba ta samuwa sai wani ɓangare na matattun halittu ya binne a laka bai ruɓe ba. Duk oksijin da ke sama yana da takwaransa na kabon da ke kwance a ƙasa.

Bayan wannan ƙaruwa ta farko, oksijin ya daɗe a ƙasa-ƙasa, fiye da shekara biliyan ɗaya. Bai sake yunƙurawa sosai ba sai tsakanin shekara miliyan 800 da 540 da suka wuce, zamanin da dabbobi suka fara bayyana a teku.

Hawa-hawan su ma sun canza, ko abin da ke ciki ne kawai?

Sun canza, domin ɗumin hawa na biyu ozon ne yake kawo shi, ozon kuma ɗan oksijin ne. Hasken rana mai ƙuna yana raba ƙwayar oksijin gida biyu, rabin ya manne wa wata cikakkiya, su zama uku. Wannan mai ukun shi ne ozon. Yana shanye hasken mai ƙuna a tsayin kilomita 15 zuwa 35, shanyewar ce take ɗumama wurin. Kafin a sami oksijin ba ozon, saboda haka ba ɗumammen hawa na biyu irin na yau, hasken da ke ƙona fata da lalata ƙwayar halitta kuma yana dira ƙasa kai tsaye. Mafakar mai rai a lokacin ƙarƙashin ruwa ce ko cikin laka.

Ozon ɗin duk da aikinsa ba shi da yawa. Da za a sauko da shi ƙasa a matse shi, kaurinsa kusan milimita 3 ne.

Iyakar nan mai tsananin sanyi da ke tsakanin hawa na farko da na biyu tana wani aikin da ba a cika faɗa ba. Tururin da ya kai can yana daskarewa ya dawo, shi ya sa hawa na biyu a bushe yake ƙamas. Da tururi yana wucewa sama da yawa, rana za ta farfasa shi, haidirojin ɗin da ke cikinsa ya tsere, teku ta yi ta raguwa. Yanzu abin da duniya take asara bai fi kilo 3 na haidirojin a daƙiƙa ba. Zara, tauraruwar nan mai haske da ake gani kusa da wata, girmanta kusan ɗaya da duniya, amma ruwanta ya tafi ta wannan hanyar. Yau iskarta kusan duk kabon dayoksaid ce, zafin ƙasarta ya haura digiri 450.

An ce rana ba ta kai haka haske ba a dā. Me ya hana duniya daskarewa?

Gaskiya ne, a farko haskenta kusan kashi 70 cikin 100 na yau ne. Carl Sagan da George Mullen suka fito da wannan matsalar fili a 1972. Abin da ya riƙe ɗumi shi ne yawan kabon dayoksaid da iskar metan, masu barin hasken rana ya shigo su hana zafi saurin fita.

Akwai kuma wani tsari da yake daidaita abin a hankali. Ruwan sama yana ɗauko kabon dayoksaid ya zama ɗan tsami-tsami, ya sauka a kan dutse irin na Zuru ko na Kwatarkwashi yana cinsa kaɗan-kaɗan. Abin da ya narke ya bi kogi zuwa teku, halittu su yi ƙwanso da shi, ƙwanson ya kwanta ya zama dutsen farar ƙasa. In duniya ta yi zafi da ruwa, cin dutsen yana sauri, kabon ya ragu a sama, a huce. In ta yi sanyi, cin ya ja baya, duwatsu masu aman wuta su ci gaba da zuba nasu, a ɗumama. Sai dai gyaran nan dubban ɗaruruwan shekaru yake ɗauka.

Kuma ya taɓa kuɓucewa. Da oksijin ya fara yawa ya rage metan, sai aka shiga zamanin ƙanƙara mai tsanani, wanda aka fi ganin sawunsa a Kanada. An sake shiga wani daga shekara miliyan 717 zuwa kusan 660 da suka wuce, da wani da ya ƙare a 635, lokacin da ƙanƙara ta kai har ƙasashen tsakiyar duniya masu zafi. A Namibiya ana ganin tarkacen da ƙanƙara ta bari, a kansa kai tsaye kuma dutsen farar ƙasa, alamar daga matsanancin sanyi aka faɗa matsanancin zafi.

An taɓa samun oksijin da ya fi na yau yawa?

An taɓa. Tsirrai sun hau tudu kusan shekara miliyan 470 da suka wuce, dazuzzuka suka biyo baya kusan 385. Daga 359 zuwa 299, itatuwa sun yi ta faɗuwa cikin fadamu suna binnewa ba su ruɓe ba, su ne suka zama kwal ɗin Turai da Amurka. Ƙididdiga da dama suna kai oksijin na lokacin kashi 30 ko fiye. A mahaƙar kwal ta Commentry a Faransa an tono wani ƙwaro dangin mazarin nan na bakin ruwa, faɗin fikafikansa kusan santimita 70, kamu ɗaya da rabi ke nan. Ƙwaro ba shi da huhu, ta 'yan ƙofofin jikinsa iska take shiga, saboda haka yawan oksijin yana ba shi damar girma. Kwal ɗin Inugu dai ba na wannan zamanin ba ne, ƙane ne can baya.

Wai da gaske teku ta taɓa zuwa ƙasar Sakkwato? Me ya haɗa wannan da iska?

Da gaske ne, kuma hujjar tana cikin buhun siminti. A ƙarshen zamanin manyan ƙadangarun nan da suka ƙare, da kuma bayansu kaɗan, kabon dayoksaid ya fi na yau yawa, ba tulin ƙanƙara a ƙarshen duniya, teku ta cika ta malalo kan ƙasa. Wani reshenta ya ratso ta inda Sahara take yau, ta Mali da Nijar, ya shigo kwarin Sakkwato. A duwatsun yankin aka tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku da aka raɗa wa sunan Goronyo, Goronyosaurus. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, mai kusan shekara miliyan 60, cike yake da ƙwanson halittun teku. Da tekun ta janye, koguna suka shimfiɗa yashi da yumɓu a kai, shi ne shimfiɗar da masana suka sa wa sunan Gwandu, wadda Birnin Kebbi take zaune a kanta, rijiyoyin burtsatse da yawa kuma daga cikinta suke jan ruwa.

Dutsen Kalambaina iskar dā ce da ta zama dutse. A tan ɗaya na tsantsarsa akwai kilo 440 na kabon dayoksaid. In aka gasa shi don yin siminti, iskar tana komawa inda ta fito.

Ni manomi ne, Malam. Akwai abin da ya shafi gona a wannan dogon labari?

Akwai, Baba, kuma yana cikin rumbunka. Daga kusan shekara miliyan 50 da suka wuce kabon dayoksaid ya yi ta raguwa, har Antatika ta rufe da ƙanƙara a miliyan 34. Ga tsiro wannan yunwa ce, domin kabon ɗin shi ne abincinsa. Ganye yana shaƙarsa ta 'yan ƙofofi, kuma duk buɗe ƙofa asarar ruwa ce. Sai wasu ciyayi suka samu dabarar tattara shi a cikin ganye ko da kaɗan ne a waje, ba sai sun wangale ƙofofin ba. Irinsu suka mamaye filayen Afirka tsakanin shekara miliyan 8 da 5 da suka wuce. Gero da dawa da masara da rake duk 'yan wannan gida ne. Shi ya sa gero yake tsayawa a jigawa cikin zafin da zai kwantar da wani amfanin.

Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa suna kan tsohuwar hanya. Ƙarin kabon a iska yana ɗan ƙara musu girma, amma gwaje-gwajen gona sun nuna ƙwayar shinkafar tana raguwa a sinadarin gina jiki da ƙarfe da zink. Kuma mai noman rani a fadamar Argungu ko Suru ya riga ni sanin abin da zafi yake yi: in ya haura digiri 35 lokacin da shinkafa take fure, zangarniya ta fito amma ƙwaya ba ta cika.

Hazon hunturu fa, shi ma tun fil azal yake?

A'a. Wani babban kaso na ƙurar nan daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, wurin da ya fi ko'ina tashin ƙura a duniya. Gindin tafki ne da ya ƙafe. Tsakanin kusan shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Sahara kore ce, Tafkin Chadi kuma ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kusan jihar Kebbi sau goma. Farar ƙurar da ke kwanciya a kan sirdin babur da safe, akwai ɓawon ƙananan halittun wancan tafki a cikinta. Iska tana kai wani ɓangarenta har dajin Amazon, ta zama taki.

A Dufuna ta jihar Yobe wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai kusan shekara 8,000. A Dabous ta Nijar akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse, a wurin da yau hamada ce. Dalilin wannan canjin tangaɗin da duniya take yi ne a kan ƙafarta, zagaye ɗaya cikin shekara dubu ashirin da 'yan kai, wanda yake ƙara wa daminar arewacin Afirka ƙarfi ko ya rage mata.

To tunda iska ta saba canzawa da kanta, me ya sa ake damun mu da sauyin yanayi?

Saboda sauri. A cikin shekara 800,000 da ƙanƙarar Antatika ta adana, kabon dayoksaid yana kai-komo ne tsakanin 180 da 300 cikin miliyan, kuma hawa daga ƙasa zuwa sama yakan ci kusan shekara 10,000. Kafin zamanin masana'antu yana 280. Da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, 315 ya samu. Ya taɓa 400 a 2013, yanzu ana ƙara 2 zuwa 3 kowace shekara. Abin da mutane suke fitarwa daga fetur da kwal da gas da siminti ya ninka na dukan duwatsu masu aman wuta kusan sau 100.

Tarihin ma ba ya kwantar da hankali in an karanta shi sosai. Shekara miliyan 252 da suka wuce, aman wuta a Saiberiya ya cika iska da kabon, fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. A miliyan 56 an sake samun fitar kabon mai yawa, zafi ya ƙaru da digiri 5 ko fiye, sai da aka haura shekara 100,000 kafin abin ya lafa. Duniya ta farfaɗo duka biyun, gaskiya ne, amma a ma'aunin dutse.

Ba na cikin masu jingina kowace ambaliya ga wannan. Farin 1973 da na 1984, da ambaliyar 2020 da ta ci shinkafar Kebbi, kowanne yana da dalilai fiye da ɗaya, ciki har da yadda ake sakin ruwan madatsu da inda muke gini. Amma iska tana ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na ɗumi, kuma wani bincike na hotunan tauraron ɗan'adam da aka buga a 2017 ya nuna cewa haduran Sahel mafiya ƙarfi sun ninka sau uku tun 1982.

Hawa-hawan ma suna motsi yanzu haka. Na farko yana ɗumama, rufinsa yana ɗan ɗagawa, na biyu da na sama da shi suna yin sanyi. Da ƙarin zafin rana ne sanadi, da duka za su ɗumama tare.

Ramin ozon ne yake kawo zafin bazara?

A'a, matsala biyu ce daban. Ramin sirancewar ozon ce a saman Antatika, wadda masu bincike na Ingila suka bayyana a 1985. Sanadinta wani gas ne da ake ɗura wa firiji da na'urar sanyaya ɗaki a dā. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana shi, shi ya sa masu gyaran firiji suka ga an canza musu gas. Ana sa ran na saman Antatika ya koma daidai wajen 2066.

Oksijin zai iya ƙarewa idan aka ci gaba da sare itace da ƙona mai?

Ba a zamanin da ya shafe mu ba. Yana raguwa, ana auna raguwar, amma 'yan ƙwayoyi ne cikin miliyan a shekara daga tarin da ya kai 209,000 cikin miliyan. Sare itace yana da illarsa, ga zaizayar ƙasa ga kwararowar hamada, amma numfashi ba ya cikin lissafin. Ƙarshen oksijin sai rana ta ƙara zafi har tsirrai sun kasa rayuwa, kuma ƙididdigar da aka yi tana kai wannan kusan shekara biliyan ɗaya nan gaba.

Inda iska take kashe mutum a garuruwanmu shi ne ɗaki. Janareto a zaure ko a baranda kusa da taga, ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, suna fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri da kasala, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya. A ajiye janareto a fili nesa da ƙofa da taga, a fitar da kasko waje kafin a kwanta.